Yadda za a ceto ƙaramar orkide da ganyenta ya yi yaushi a Damagaram

Tambaya: Wata baiwar Allah daga unguwar Birni a Damagaram ta rubuto cewa ɗan'uwanta ya kawo mata tsarabar ƙaramar orkide, wata shukar ado mai fure, daga Yamai, a cikin ƴar tukunya wadda faɗin bakinta bai wuce santimita 6 ba. Bayan ƴan makonni furannin suka zube, ganyen ya yi yaushi ya yamutse, ɗaya daga ciki ya koma rawaya, alhali kullum tana ba ta ruwa. Tana so ta sani ko ta ƙara mata ruwa ne, ko kuwa ta mayar da ita cikin ƙasa mai taki.

Amsa: Hajiya, kafin komai ina roƙonki ki dakatar da ba ta ruwa daga yau, kuma kada ki sa ta cikin ƙasa, mai taki ko marar taki, domin waɗannan abubuwa biyu da kike tunanin yi su ne za su ƙarasa ta. Bisa ga bayanin da kika yi, abin da ya fi yiwuwa shi ne saiwoyinta sun ruɓe saboda yawan ruwa, kuma shukar da saiwarta ta mutu ƙishirwa take ji ko da tana zaune cikin ruwa tsundum. Wannan ne ya sa ganyen ya yamutse. Mai ido yana ganin yaushi sai ya ɗauka ruwa ne ya yi kaɗan, ya ƙara zubawa, ruɓar ta ci gaba, ganyen ya ƙara yaushi, haka nan har shukar ta tafi. Saboda haka maganarmu duka a kan saiwa za ta tsaya, kuma ganye da fure za su biyo baya idan saiwar ta samu lafiya.

Kusan duk ƙananan orkide da ake sayarwa da fure a irin wannan tukunya daga jinsin Phalaenopsis suke, wanda asalinsa dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, wato Filifin da Indunusiya da Malesiya da maƙwabtansu, kuma yawancin waɗanda suke shiga kasuwannin duniya a gidajen gilashi na Holan da Taiwan ake renonsu. Ƙanana irin wadda aka kawo miki da yawansu sun gaji ƙanƙantarsu ne daga wani nau'i mai suna Phalaenopsis equestris, ɗan Filifin da kudancin Taiwan. A can dajin ba a ƙasa take tsirowa ba. A jikin reshen bishiya take maƙalewa, a ƙarƙashin inuwar ganye, saiwoyinta a waje suna shan iska. Kada ki kwatanta ta da kaucin da muke gani a kan itatuwanmu, domin shi kauci yana huda reshe ya tsotsi ruwan bishiyar, ita kuwa orkide wurin zama kawai take nema, abincinta daga ruwan sama da raɓa da ɗan dattin da ya taru a ɓawon itace yake zuwa. Ruwan sama ya jiƙa ta, iska ta busar da ita cikin ƴan sa'o'i, gobe a sake. Duk abin da za mu yi mata a gida ƙoƙari ne na kwaikwayon wannan jiƙa da bushewa.

Saiwar tata ma daban take da ta sauran shuke-shuke. A tsakiyarta akwai siririyar jijiya, a waje kuma an lulluɓe ta da wani ɓawo mai kama da soso, wanda yake zuƙe ruwa nan take idan ya same shi, ya riƙe shi na ɗan lokaci, sannan ya bushe ya bar iska ta shiga. Idan ɓawon ya bushe launinsa fari-fari ne mai ƙyalli, idan ya sha ruwa sai ya koma kore shar. Wannan canjin launi shi ne ma'aunin da za ki dinga dubawa har abada, ya fi kowace kalanda amfani. Idan ɓawon ya kwana ya wuni a jiƙe har tsawon kwanaki ba tare da iska ba, sai ya shaƙe ya ruɓe. Kuma irin wannan orkide ba ta da kumburarren tushe na ajiyar ruwa irin na wasu danginta, duk ajiyarta a cikin ganye take, shi ya sa da zarar saiwa ta daina aiki ganyen ne yake fara ba da labari.

Akwai kuma laifin da ba naki ba. Masu reno suna cusa saiwoyin cikin busasshiyar gansakuka su danne ta tam, domin ta riƙe danshi a doguwar hanya, sannan su sa ƴar tukunyar roba mai huji cikin wata tukunyar ado wadda ba ta da huji ko ɗaya. A ɗakinki gansakukar da ke sama tana bushewa cikin yini guda saboda busasshiyar iskarmu, har ta yi ƙarau idan kin taɓa, amma tsakiyarta tana nan sharkaf, ruwan da ya tsiyaye kuma yana kwance a gindin tukunyar adon. Wanda ya auna da yatsa daga sama dole ya ruɗu.

Ga abin da za ki yi. Ki zaro tukunyar robar, ki matsa gefenta a hankali har shukar ta saki, sannan ki jiƙa dunƙulen gansakukar na ɗan lokaci domin saiwoyin su yi laushi su daina karyewa, ki tsince ta da yatsu har ki kai tsakiya. A can tsakiyar, daidai ƙarƙashin ganye, sau da yawa za ki tarar da wani ɗan dunƙule mai tauri wanda aka reni shukar a ciki tun tana ƙarama, kuma nan ne ruɓa ta fi farawa, don haka ki cire shi duka. Ki ɗauraye saiwoyin, ki bi su ɗaya bayan ɗaya kina matsawa. Wadda ta yi tauri tana da rai, ko da launinta fari ne ko rawaya-rawaya, domin saiwar da ba ta ga haske ba ba ta yin kore. Wadda ta yi ruwan ƙasa ko baƙi ta lotse a hannu, ko ɓawonta ya saɓule ya bar zare kawai, ko ta bushe ta zama holoƙo, ta mutu. Ki yanke matattun da sabuwar reza ko almakashin da kika goge da alkol na kantin magani, kuma idan saiwa rabinta mai rai ne ki yanke a daidai inda taurin ya fara, ki bar sauran. Daga nan ki ajiye shukar a inuwa ta sha iska na wasu sa'o'i har wuraren yankan su bushe. Wasu suna barbaɗa garin kirfa a wurin yanka, kuma yana da amfani a kan ganye ko karan fure, amma kada ya taɓa saiwa, domin yana busar da ita.

Karan furen kuwa, ra'ayina ki yanke shi daga kusa da gindi, ki bar kamar santimita 2, ko da har yanzu kore ne. Na san akwai masu cewa a yanke daga saman gaɓa domin ya sake reshe ya ba da wasu furanni, kuma hakan yana yiwuwa ga lafiyayyar shuka. Wadda ke hannunki ba ta da wannan ƙarfin. Duk abin da za ta kashe wajen fure daga ganyen da ya riga ya rame za ta ciro shi, kuma burinmu na bana shi ne ta yi sabuwar saiwa da sabon ganye.

Abin da za ki mayar da ita ciki ba sai kin nemo daga waje ba. A ƙasashen da ake yawan renonta ɓawon itacen fayin, wata bishiya mai ganye kamar allura, ake amfani da shi, amma a nan gawayin itace na girki, wanda ba a zuba masa kananzir ba, yana yin aikin sosai idan an farfasa shi kamar girman ƙwayar gyaɗa aka wanke ƙurarsa. Ki haɗa shi da ƙananan tsingaron tukunyar ƙasa, da ɓawon kwakwa na waje mai zare-zare wanda aka yayyanka, shi ne zai riƙe ɗan danshi. Sai dai ɓawon kwakwa yakan zo da gishiri, don haka ki jiƙa shi kwana uku ko huɗu kina canza ruwan kullum kafin ki yi amfani da shi. Idan tsohuwar gansakukar ba ta yi tsami ba, kina iya wanke kaɗan daga cikinta ki shimfiɗa sako-sako a sama. Tukunya kuma ki zaɓi mafi ƙanƙanta da saiwoyin za su shiga, domin babbar tukunya tana riƙe ruwan da ƴan saiwoyin da suka rage ba za su iya shanyewa ba. Tsohuwar ta roba mai nuna ciki ta fi dacewa idan kin wanke ta kin ƙara mata huji a gefe da ƙusa mai zafi, tunda ta cikinta za ki dinga ganin launin saiwa. Gindin ganyen ƙasa ya zauna daidai saman gawayin, kada ki binne shi. Idan shukar tana rawa ki kafa tsinke ki ɗaure ta da zare, domin sabon kan saiwa yana daina girma idan yana gogar gawayi kullum.

Bayan kwana biyu sai ki fara ba ta ruwa, kuma hanyar bayarwar ita ce ki tsoma tukunyar cikin kwano mai ruwa har kusa da bakinta na minti 10 zuwa 15, ki ɗaga ta tsiyaye sarai, ki mayar. Ba za ki sake ba sai saiwoyin da kike gani ta jikin robar sun koma fari-fari kuma raɓar cikin tukunyar ta ɓace. A cikin wannan haɗin gawayi, a bazara hakan zai iya zama bayan kowane kwana biyu, a hunturu bayan uku ko huɗu, a tsakiyar damina kuwa har mako guda, amma saiwar ce za ta yanke hukunci. Da safe ake bayarwa. Shawarar nan da ke yawo a intanet ta ɗora ƙanƙara a kan tukunya ki bar ta, domin shukar ƙasar zafi ce, kuma ɗan ruwan da ƙanƙara take saki ba ya isa ya wanke gishirin da ke taruwa. Batun gishirin ma yana da muhimmanci a garinmu. Idan ruwan da kike samu, na famfo ne ko na rijiya ko na ƴan garuwa, yana barin farin tabo a jikin buta, to zai bar irinsa a kan saiwa ya ƙone kanta. Ruwan sama ya fi kowanne, muddin kin bari ruwan farko ya wanke ƙurar rufi kafin ki tara, kuma jarka ɗaya za ta daɗe tana isar shuka mai wannan girma. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da gas shi ma kusan ba shi da gishiri, idan an tare shi a tsabtataccen mazubi. Ruwan da ya yi zafi a tanki da rana kada ya kusance ta.

Wuri ɗaya a jikinta ba ya son ruwa ko kaɗan, shi ne tsakiyar kanta, inda ganyaye suke haɗuwa suka yi ɗan rami. Daga nan kaɗai take girma, kuma idan ruwa ya kwana a ciki ya ruɓar da wurin, ganyen tsakiya zai zare a hannunki da wari, sauran su zube cikin kwanaki kaɗan. A daji a karkace take rataye, ruwa ba ya tsayawa a wurin, mu ne muka miƙar da ita tsaye a tukunya. Duk lokacin da ruwa ya faɗa ciki, ki murɗa gefen ƙyalle ko takarda mai laushi ki tsane shi.

Babban aikin da Damagaram za ta ba ki shi ne na iska. Wannan shuka ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 29, da danshin iska na kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari. A nan kuwa zafin rana a Afrilu da Mayu yana kaiwa digiri 40 har ya wuce, dare ma yakan tsaya sama da 25, danshin iska kuma a watannin rani yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Daren nan yana da nauyi a wurinta fiye da yadda ake zato, saboda ƙofofin numfashin ganyenta galibi da dare suke buɗewa, a lokacin take ɗibar iskar da za ta sarrafa da rana, kuma idan daren ya zo da zafi da bushewa sai ta yi asarar ruwa mai yawa. Kuskuren da ake yi shi ne a nemi rama bushewar iska da jiƙa tukunya. Danshi a kewayen ganye ake so, saiwa kuma a bar ta ta bushe tsakanin shan ruwa.

A yawancin gidajenmu wurin da ya fi ko'ina sanyi da danshi shi ne gindin randa, musamman idan tana kan jiƙaƙƙen rairayi a ɗakin ƙasa ko a rumfa mai inuwa, kuma idan wurin yana samun haske to nan ne mazauninta na bazara. Ɗaki mai rufin kwano marar silin bai dace da ita ba a waɗannan watanni. Kina iya ƙarawa da dabarar tukunya cikin tukunya, wadda Malam Mohammed Bah Abba na arewacin Najeriya ya yaɗa domin adana kayan lambu har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ki samo tukwanen ƙasa biyu marasa fenti, irin na maginan Mirriya, babba da ƙarama, ki cika tsakaninsu da rairayi ki dinga jiƙa shi safe da yamma, sannan ki ɗora ƴar tukunyar orkide cikin ta ciki a kan ƴan duwatsu yadda gindinta ba zai taɓa ruwa ba, ganyen kuma yana waje. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana tafiya da zafi, kuma dabarar ta fi aiki ne daidai lokacin da iska ta fi bushewa. Fesa ruwa a kan ganye amfaninsa ba ya wuce ƴan mintoci a irin iskarmu, ga haɗarin taruwarsa a tsakiya, don haka yayyafa wa ƙasan wurin ruwa da yamma ya fi shi. Idan kina da na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa, ɗakin da take ya dace ƙwarai. Mai aiki da gas tana sauke zafi amma tana ƙara busar da iska, kuma ko wacce ce, kada iskarta ko ta fanka ta dinga dukan ganyen kai tsaye. Akwai masu rufe shukar da ta rasa saiwa cikin leda mai nuna ciki domin danshi ya taru, amma a bazarar Damagaram ban yarda da wannan ba, domin zafin da zai taru a ciki zai dafa ta. A watannin sanyi ana iya yi, da sharaɗin a bar bakin ledar a buɗe.

Haske tana son mai yawa amma ba rana kai tsaye ba. Kusa da tagar gabas mai labule marar kauri ya wadatar, ko cikin rumfa inda rana ba ta faɗawa. Ranar tsakar gida ta sa'a ɗaya tana iya barin farin tabo a ganye wanda daga baya zai yi baƙi, kuma ba ya warkewa. Idan kin taɓa ganyen kin ji shi da ɗumi, ki matsar da ita.

Idan hunturu ya shigo da hazonsa, ki dinga goge ganyen sama da ƙasa da jiƙaƙƙen ƙyalle sau ɗaya a mako, domin ban da toshe haske da ƙura take yi, bushewar lokacin tana kawo wasu ƙananan ƙwari da ido bai cika gani ba, masu tsotsar bayan ganye har ya yi fari-fari ya yi kaushi. Idan kuma kin ga wani farin abu mai laushi ya taru a kusurwar ganye, ƙwaro ne shi ma, ki dangwali alkol da auduga ki goge shi, ki sake dubawa bayan mako guda. Daren Disamba da Janairu yakan sauka wajen digiri 15 ko ƙasa, don haka a ɗaki za ta kwana, nesa da ƙofar da iska ke kaɗawa.

Taki ba ya cikin maganin wannan ciwon. Kashin dabbobi da ƙwayoyin takin zamani na gona, irin su 15-15-15 da yuriya, idan aka zuba su a tukunya ƙone saiwar suke yi. Sai kin ga sabuwar saiwa ta kai kamar santimita 2 ko 3 sannan za ki fara, da takin furanni mai narkewa a ruwa, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a jikin kwalinsa, sau biyu a wata, a kan saiwar da ta riga ta sha ruwa. Damina ce lokacin da ya fi dacewa da hakan, domin daga Yuli zuwa Satumba ne iskar garinmu take kusantar abin da shukar ta saba da shi, kuma a nan za ki ga yawancin girmanta na shekara. A watannin tsananin zafi ki daina takin gaba ɗaya.

Ya kamata ki san abin da za ki sa rai da shi. Idan kin tarar da saiwa biyu ko uku masu tauri, kuma tsakiyar kan tana da lafiya, damar tsirarta babba ce da yardar Allah. Alamar farko ita ce ɗan koren kan saiwa mai sheƙi da zai ɓullo daga gindin ganye, kuma yana iya ɗaukar wata ɗaya ko biyu. Ganyen da ya yamutse sosai ba lallai ya koma yadda yake ba, amma kada ki yanke shi, domin daga cikinsa take ci. Wanda ya yi rawaya, idan na ƙasa ne, ki bar shi ya bushe ya faɗi da kansa. Ganye ɗaya ko biyu take yi a shekara, kuma na farko bayan ciwo yakan fito ƙarami. Idan babu saiwa ko ɗaya amma tsakiyar tana nan, ki ɗora gindinta a kan gansakuka mai ɗan danshi a cikin tukwanen nan biyu, ki jira, wasu suna farfaɗowa. Idan tsakiyar ce ta ruɓe amma saiwoyi suna da rai, ki ci gaba da kula da su, domin wani lokaci ƴar shuka tana fitowa daga gefen gindi. Idan duka biyun sun tafi, babu abin da zai dawo da ita.

Fure kuwa sanyi ne yake tayar da shi. Muddin zafi yana tsaye sama da digiri 28 ba ta fitar da kara, sai ta samu ƴan makonni na yanayi mai sauƙi da dare mai sanyi, wanda a nan yake samuwa daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu. Shukar da ke jinya tana iya tsallake sanyin bana, kuma idan ta fitar da kara alhali ba ta yi sabon ganye ba, gara ki yanke shi. Idan ta yi ƙarfi ta fitar a sanyin baɗi, za ki gane karan daga tsakanin ganye da kansa mai ɗan faɗi, saɓanin kan saiwa mai zagaye, kuma yana ɗaukar wata biyu zuwa uku kafin furen farko ya buɗe, wato dab da shigowar zafi, don haka tun a Fabrairu ki mayar da ita wurinta na gindin randa. A wannan lokacin kada ki dinga juya tukunyar, domin karan yana bin haske ne, kuma ki nisanta ta da hayaƙin turaren wuta da na murhu, da kuma kwandon mangwaro ko ayaba masu nuna, saboda iskar da suke fitarwa tana sa furannin da ba su buɗe ba su bushe su zube.